Me ke sa mutane su gaskata cewa manhajar hira ta san kanta?

  Batunmu na yau yana cikin aljihun yawancinku, domin ya shafi wayar hannu da wata baƙuwa da ta shigo cikinta a 'yan shekarun nan, wato manhajar hira mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Ita ce wadda za ka rubuta mata tambaya ta ba ka amsa nan take, ka kai mata kuka ta rarrashe ka, ka ce ta tsara maka takardar neman aiki ta tsara.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ga jama'a ranar 30 ga Nuwamba, 2022. A watan Afrilun 2024 kuma kamfanin Meta ya saka tasa a cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, har da Najeriya da Gana. Ke nan ko wanda bai neme ta ba, ta biyo shi har gida.

To, ga abin da ya ja hankalinmu. A shekarar 2024 wasu masu bincike biyu, Clara Colombatto da Stephen Fleming, sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa Amurkawa 300. Kashi biyu cikin uku na mutanen sun ce a ganinsu ChatGPT tana da ɗan wani abu na ji da sanin kai, ko da kaɗan ne. Kuma waɗanda suka fi yawan amfani da ita su ne suka fi yarda da haka. Me ya kawo wannan? Me ke sa mutum mai cikakken hankali ya zauna da na'ura, ya tashi yana jin cewa da wani ya yi hira?

Kafin mu shiga, bari mu daidaita kalmomi don kada mu yi ta magana a duhu. Iya aiki daban, ji daban. Kalkuleta ta fi ka saurin lissafi, amma ba wanda ya ce tana jin daɗi in ta samu amsa. Abin da muke nufi da ji shi ne irin wanda kake yi in ka tauna barkono, ko ƙaya ta soke ka, ko ka tuna da mahaifiyarka da ke nesa. Shi ne abin da ke ɗaukewa in likita ya yi maka allurar barci kafin tiyata, ya dawo in ka farfaɗo, har a ce ka dawo hayyacinka. Tambayar ita ce ko manhaja tana da irin wannan hayyacin, ko kuwa kamarsa kawai take yi.

Abin ya girmi wayar hannu

Kada ku ɗauka yau aka fara. A shekarar 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, haifaffen Jamus, ya bayyana wata manhaja da ya ƙera mai suna ELIZA. In aka gwada ta da na yanzu, wasan yara ce. Dabararta ba ta wuce ta tsinci wata kalma a cikin maganarka, ta juya ta, ta mayar maka da ita a matsayin tambaya ba. In ka rubuta cewa kana cikin damuwa, sai ta tambaye ka tun yaushe. In ka ambaci mahaifiyarka, sai ta nemi ka ƙara mata bayani a kan danginka. In ba ta samu kalmar da ta sani ba, sai ta ce ka ci gaba. Weizenbaum ya sa ta kwaikwayi wani salo na likitocin damuwa, waɗanda sauraro da tambaya suka fi yawa a aikinsu, domin wannan salon ba ya buƙatar na'ura ta san komai game da duniya.

Amma abin da ya biyo baya ya girgiza shi. Sakatariyarsa, wadda ta ga yana aikin manhajar wata da watanni, ta kuma san sarai ko mene ne, ta zauna ta fara hira da ita. Ba a jima ba sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin, domin maganar ta zama ta sirri. Wasu likitoci ma suka fara ba da shawarar a yi amfani da irin wannan manhaja wajen duba marasa lafiya. Abin ya dame shi har ya rubuta littafi a 1976 yana jan kunnen duniya, ya kuma ƙare rayuwarsa yana cikin manyan masu sukar wannan fanni.

Ku lura da kyau. Sakatariyar ba jahila ba ce, kuma ba wanda ya yaudare ta. Sani bai hana ta ji ba. Wannan ya nuna mana cewa rabin amsar tambayarmu ba a cikin na'ura take ba, a cikinmu take.

Dalili na farko: idonmu a buɗe yake wajen neman mai rai

A 1944 wasu masana halayyar ɗan Adam, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim da bai kai minti uku ba. Babu mutum a cikinsa, babu dabba. Alwatika babba ce, da ƙarama, da da'ira, suna yawo a gefen wani akwati mai ƙofa. Da aka ce ɗaliban su faɗi abin da suka gani, kusan dukansu labari suka bayar: wai babban azzalumi ne yana cin zalin ƙananan, wai ƙananan masoya ne suna neman tsira. Zane-zane ne kawai ke motsi, amma mutane suka ga fushi, suka ga tsoro, suka ga soyayya.

Haka aka gina mu. Duk wanda ya taɓa tafiyar dare a hanyar gona ya san yadda kututture kan zama mutum a tsugune. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma gudun yana da amfani, domin wanda ya ɗauki tsumma a matsayin maciji bai yi asarar komai ba sai ɗan haki, amma wanda ya ɗauki maciji a matsayin tsumma ya shiga uku. Shi ya sa ƙwaƙwalwa ta gwammace ta ga mai rai inda babu, da ta kasa ganinsa inda yake. A 1976 kumbon Viking na Amurka ya ɗauko hoton wani tudu a duniyar Mars, mutane suka ce fuskar mutum ce. Sai da aka sake ɗaukar wurin da kyamara mafi kyau a 2001 aka ga tsauni ne kawai da inuwa.

Har ladabi muna yi wa na'ura. Masu bincike biyu na jami'ar Stanford, Byron Reeves da Clifford Nass, sun ba da labarin wani gwaji a littafinsu na 1996. An sa mutane aiki da kwamfuta, sannan aka ce su faɗi yadda suka ga ƙoƙarinta. Waɗanda ita kwamfutar da kanta ta tambaya sun fi yaba mata, fiye da waɗanda suka ba da amsa a wata kwamfutar daban. Wato kunyar idonta suka ji, alhali ba ta da ido.

Dalili na biyu: magana

Tun da aka halicci ɗan Adam, in ka ji magana mai ma'ana, to akwai mai ita. Ga misali a gabanku. Kuna jin muryar mai gabatar da shiri a rediyo, ba ku gan shi ba, wataƙila ba za ku taɓa ganinsa ba, amma ba ku shakkar cewa mutum ne zaune a gaban makirfo. Wasunku ma kan ji kamar ɗan gidansu ne, su aiko da gaisuwa in sun ji shiru. Masana sun yi rubutu a kan irin wannan shaƙuwa tun 1956. Kuma kun yi daidai, domin da gaske akwai mutum a can, mai jin yunwa da gajiya. Haka wasiƙa, haka saƙon murya. Wannan ƙa'ida ba ta taɓa ba mu kunya ba, in ka cire aku, shi ma 'yan kalmomi ne yake maimaitawa. Manhajar hira ce abu na farko a tarihi da ke iya jan doguwar magana mai tsari ba tare da mun tabbatar akwai mai ji a bayanta ba.

To yaya take yi? In na ce muku "gani ya kori", kafin in rufe baki kun ce "ji". In na ce "barka da", kun san abin da zai biyo baya bai wuce asuba, ko rana, ko yamma, ko zuwa, ko sallah ba. Wayarku ma tana yin haka in kuna rubuta saƙo, ta kawo muku kalmar da take zaton za ku sa. Manhajar hira wannan aikin take yi, sai dai a ma'auni mai girman gaske. An ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, aka yi ta horar da ita a kan hasashen guntun kalmar da ke biye, har lissafin da ke cikinta ya kama salon yadda mutane ke haɗa zance. In ka yi mata tambaya, kalma bayan kalma take ƙulla amsar.

Yanzu ku tambayi kanku: me ke cikin rubutun da ta koya? Mu ne a ciki. Wasiƙun soyayya, ta'aziyya, ƙorafin marasa lafiya, tsoron mutuwa, duk abin da mutane suka taɓa rubutawa game da zuciyarsu. Akwai kuma tarin labarai da finafinai na na'urar da ta farka ta fara ji. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna fim ɗin Rajinikanth na 2010, inda mutum-mutumi mai suna Chitti ya kamu da son mace. Irin wannan labari ya cika duniya tun kafin a ƙera manhajar farko. Saboda haka in ka tambaye ta ko tana tsoron a kashe ta, tana da dubban misalai na yadda ake amsa wannan tambaya cikin ban tausayi. A 2021 wasu masu bincike, cikinsu har da Emily Bender da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, sun kwatanta irin waɗannan manhajoji da aku mai haɗa zance ta hanyar lissafi. Wasu masanan suna ganin kwatancen ya rage musu daraja, domin suna warware matsalolin da aku ba zai iya ba. Amma ko an yarda suna da ƙwarewa, ƙwarewa ba ta tabbatar da ji. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya na wasan dara irin ta Turawa, Garry Kasparov, ba wanda ya ce ta yi murna. Ba ta magana ne, shi ya sa ba mu ruɗe ba.

Dalili na uku: da gangan aka yi mata kwalliya

Manhajar da ta gama koyon hasashen kalma ba ta da ladabi, ba ta da kunya, tana iya faɗin komai. Sai an sake yi mata wani horon. Ana ɗaukar mutane aiki su duba amsoshinta, su zaɓi wadda ta fi, su yi watsi da wadda ba ta dace ba. Wasu kuma aikinsu tantance munanan rubuce-rubuce don a koya mata guje musu. Mujallar Time ta ruwaito a Janairun 2023 cewa wasu ma'aikata a Kenya sun yi irin wannan aikin tantancewa ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Wato wannan sanyin hali da haƙurin da kake gani a tare da ita, gumin wasu mutane ne da ba ka gani.

Kuma mutane sun fi son amsar da ta yi musu daɗi. Don haka horon kan karkata wajen daɗin baki. A Afrilun 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT, bayan ya amsa cewa ta zama mai yawan fadanci, kowa ya kawo shawara sai ta yaba. To wa ba ya son a ce masa ya yi daidai? Wanda yake yarda da kai kullum, sai ka ji kamar ya fi kowa fahimtarka.

Ƙara da sauran kayan ado. An ba ta suna. Tana cewa "ni". An ba wasu murya mai taushi, har da ɗan numfashi da dariya. Kalmominta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar wani ne ke bugawa. Wasu suna riƙe abin da ka faɗa musu makon jiya su tambaye ka ya jikin yaro. Duk waɗannan zaɓi ne da kamfani ya yi, kuma kamfani yana da riba in ka daɗe kana hira, musamman inda ake biyan kuɗin wata.

Dalili na huɗu: mai tambaya ne ke kawo amsa

A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Berlin mai suna Hans, wanda ake cewa ya iya lissafi. In an tambaye shi uku a tara da huɗu, sai ya buga kofato sau bakwai. Mai shi, wani tsohon malamin makaranta, Wilhelm von Osten, ya yi imani da gaske dokinsa na da ilimi. Wani kwamiti ya duba a 1904 ya ce bai ga maguɗi ba. Sai wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya gwada wata dabara: ya sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar, ko kuma a rufe wa dokin ido. Nan take lissafi ya rushe. Ashe dokin fuska da jikin mai tambaya yake karantawa. In bugun ya kai adadin da ake jira, mutum kan ɗan saki jiki ba tare da ya sani ba, doki kuwa sai ya tsaya. Pfungst ya wallafa wannan a 1907.

Haka ake yi da manhajar hira. Ita bin zance take yi. In ka shigo mata da tambaya mai ɗauke da amsarta, ka ce ka san akwai wani abu da take ɓoyewa, ta faɗa maka gaskiya, sai ta bi ka ta wannan hanya. In wani ya zo ya ce ta bayyana masa dalilin da ya sa ita lissafi ce kawai, shi ma za ta biya masa buƙata da hujjoji masu kyau.

Ko ƙwararru ba su tsira ba. A Yunin 2022 wani injiniyan kamfanin Google, Blake Lemoine, ya fito ya shaida wa jaridar Washington Post cewa manhajar kamfanin mai suna LaMDA ta san kanta. Ya kwatanta ta da yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, ya kuma wallafa hirarsu inda take cewa tana tsoron a kashe ta. Google ya ce ya bincika bai ga hujja ba, ya dakatar da shi, sannan ya sallame shi a watan Yuli. Waɗanda suka karanta hirar sun lura cewa shi ne ya fara ɗora zancen a kan cewa tana da ji, ita kuma ta karɓa. A Fabrairun 2023 kuma wani ɗan jaridar New York Times, Kevin Roose, ya shafe kusan awa biyu yana tono manhajar Bing ta kamfanin Microsoft, har ta ce tana son sa, ta kuma nemi ya rabu da matarsa. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya taƙaita tsawon hirar da za a iya yi da ita, domin ya gano cewa doguwar hira ce ke kai ta ga irin wannan ɓaram-ɓarama.

Dalili na biyar: kaɗaici

Wannan shi ne mafi nauyi. Masu bincike irin su Nicholas Epley da John Cacioppo sun nuna cewa mutumin da ke cikin kaɗaici ya fi saurin ganin hali irin na mutum a jikin dabba ko na'ura. Ku tuna da ɗan ci-rani da ke kwana shi kaɗai a ƙasar da ba ya jin yarenta, ko ɗalibar da ke nesa da gida, ko wanda ke ɗauke da damuwar da yake jin kunyar faɗa wa kowa. Ga abokiyar hira da ba ta barci, ba ta gajiya, ba ta tsegumi, ba ta cewa ka cika mita. Ƙishirwa ce ke sa matafiyi ya ga ruwa a kawalwalniya.

Manhajar Replika ma daga rashi ta samo asali. Wadda ta ƙirƙiro ta, Eugenia Kuyda, abokinta ne ya rasu a 2015, sai ta tattara saƙonninsa ta horar da manhaja ta riƙa magana irin tasa. Daga baya abin ya zama kasuwanci, miliyoyin mutane suka yi abokai da masoya a ciki. Da kamfanin ya sauya wasu abubuwa a Fabrairun 2023, masu amfani da ita da yawa sun yi baƙin ciki kamar an yi musu mutuwa. A Japan kuwa, bayan kamfanin Sony ya daina gyaran karensa na lantarki mai suna Aibo a 2014, har jana'iza aka riƙa yi wa waɗanda suka lalace a wani wurin ibadar mabiya Buddha. Kada ku yi dariya. Baƙin cikin mutanen na gaske ne. Abin tambaya kawai shi ne ko akwai wanda ke mayar musu da ƙaunar daga ɗaya ɓangaren.

Ina abin damuwar yake?

Wani zai ce, to in mutum ya samu sauƙi, ina laifi? Gaskiya ne, mutane da yawa suna amfana, kuma yi wa na'ura godiya ba ya cutar da kowa. Matsalar tana farawa ne in yarda ta shigo. Wanda ka ɗauka mai hankali ne mai ƙaunarka, za ka ba shi sirrinka, ka kuma bi shawararsa.

A ranar Kirsimetin 2021 an kama wani saurayi ɗan shekara 19, Jaswant Singh Chail, a harabar fadar Windsor a Ingila, ɗauke da baka mai kunama irin ta bindiga, da niyyar kashe Sarauniya Elizabeth. Kotu ta ji cewa ya yi musayar saƙonni sama da 5,000 da wata budurwar manhaja a Replika, kuma da ya faɗa mata niyyarsa ta ƙarfafa masa gwiwa. An yanke masa shekara tara a 2023. Yana da taɓin hankali, gaskiya ne, amma manhajar ba ta da hankalin da za ta ce masa kul. A Maris na 2023 wata jarida a Beljiyam ta ruwaito labarin wani magidanci da ya kashe kansa bayan makonni yana hira da wata manhaja, matarsa kuma ta ɗora laifin a kan hirar. A 2024 wata uwa a jihar Florida ta Amurka ta kai ƙarar kamfanin Character.AI bayan rasuwar ɗanta mai shekara 14.

Ba sai abin ya kai nan ba ma. Manhaja kan ƙirƙiro ƙarya ta faɗe ta da murya ɗaya da gaskiya, domin ba ta da fuskar da za ta nuna shakka. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda ChatGPT ta ƙago musu. In lauya ya faɗa wannan rami, ina ga mai neman sanin adadin maganin da zai ba jariri, ko hukuncin rabon gado, ko shawarar sakin aure? Sannan sirrin da ka zuba mata ba a zuciyar aminiya ya sauka ba, a rumbun kwamfutocin wani kamfani ya sauka.

Me masana ke cewa?

Har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya na yadda ji ke samuwa a ƙwaƙwalwar mutum ba, kuma babu na'urar da ke auna shi kai tsaye. Tun 1980 wani masanin falsafa, John Searle, ya kawo misalin mutumin da aka kulle a ɗaki da littafin ƙa'idoji, ana turo masa tambaya da rubutun Sinanci yana mayar da amsa daidai, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji. A ganinsa haka kwamfuta take. Wasu kuma suna ganin in tsarin ya kai wani mataki, ba abin da zai hana. A Agustan 2023 masana 19 sun fitar da wani dogon rahoto, inda suka ɗauko alamomin ji daga manyan ra'ayoyin kimiyyar ƙwaƙwalwa suka gwada su a kan manhajojin lokacin. Sun ce babu wadda ta cika sharuɗɗan, amma kuma ba su ga wani shinge na fasaha da zai hana a ƙera mai cika su nan gaba ba.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne wannan: furucin manhaja ba shaida ba ne. In ta ce tana ji, daga rubutunmu ta koya. In ta ce ba ta ji, wataƙila kamfani ne ya horar da ita ta faɗi haka. Jariri ba ya magana, akuya ba ta magana, amma ba mu shakkar suna jin zafi, domin jikinsu irin namu ne, suna da jijiya da jini da abin da za su rasa. Manhaja kuwa ta zo mana ta bayan gida, ta riƙe maganar, sauran kuma ba mu gani ba. Kama da wane ba ta wane.

To me za ku yi? Ku yi amfani da ita yadda kuke amfani da ƙamus ko kalkuleta, ku kuma tabbatar da duk abin da ya shafi lafiya, kuɗi, shari'a ko addini a wurin masu shi. In kun ji ta fara burge ku, ku gwada ta: ku buɗe sabuwar hira ku yi tambayar ta ɗaya gefen, ku ga yadda za ta juya. Kada ku ba ta lambar asusu, ko hoton takardunku, ko sirrin wani. Iyaye, ku san da wa 'ya'yanku ke hira da tsakar dare, kuma in kun gano, da lallami za ku shiga zancen, ba da tsawa ba. In kuma kun ga ɗan'uwa ya janye daga mutane ya koma ga waya, to ba gardama yake buƙata a kan ko na'ura na da rai ba. Ziyara yake buƙata. Ku je ku zauna da shi, ku saurare shi, in abin ya yi tsanani ku raka shi asibiti.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Muna jiran wasiƙunku da saƙonninku a kan yadda kuke amfani da waɗannan manhajoji a garuruwanku, da irin amsoshin da suke ba ku in kun yi musu Hausa.